Taku Bakwai a Fadamar Rido

A garinmu namiji ba ya hawan goɗiya. Ban san wanda ya kafa wannan doka ba, ban kuma taɓa jin malami ya karanto ta a littafi ba, amma da ita na tashi. Goɗiya ta haihuwa ce, namiji ingarma yake hawa. In kuma ya hau, ba ya sauka ya ja dokinsa a ƙasa mutane na kallo, sai dai a sauke shi. Mahaifina dillalin dawaki ne, a bargarsa na koyi tafiya, kuma da wannan girman kan na zo Kaduna neman aiki a masaƙa. Na yi shekaru a Makera ina gyaran injin saƙa, ko jaki ban mallaka ba, amma in ana hirar doki a teburin mai shayi muryata ce ke danne ta kowa.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba Saje. Mutumin kudancin jihar ne, ya yi aikin ɗan sandan doki har ya yi ritaya, kuma kowa a layinmu Saje yake ce masa, har matarsa. Yana ɗingishi da ƙafar dama, gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai. Wasu su ce harsashi ne, wasu su ce doki ne ya shure shi. Shi kuwa in an tambaye shi sai ya ce, "Tsufa ne," ya kawo wata maganar. Lokacin da zai bar aiki aka yi gwanjon dawakin da ba a so, ya sayi wata ƙaramar goɗiya hurde, mai launin toka-toka da siririn wuya, ya kafa mata turke a bayan gida ƙarƙashin mangwaro. Ba ya iya hawanta saboda gwiwar. Amma ranar Lahadi in ya dawo daga coci, kafin ya gai da kowa sai ya fara leƙa ta.

Ni nake fitar masa da ita kilisa. Kada a ce taimako ne, ƙwaɗayin sirdi ne ya ci ƙarfina. Da an idar da sallar asuba sai in ɗaura mata sirdi in bi ta bayan layin dogo, in dawo kafin gari ya gama wayewa, don kada wani ɗan garinmu ya gan ni a kan goɗiya ya kai labari gida. Saje ya gane. Kullum in na dawo sai ya ce, "Malam, yau ma ba a kama ka ba?" In ce masa ya bar ni da abin da ya dame ni.

Wannan shekarar ce sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Garin ya cika da fastoci da dogon buri, kowa yana ganin gobe za ta fi yau, masaƙu kuma suna aiki, jiniyarsu ce agogonmu. An yi wa manyan hafsoshi da dama ritaya lokaci guda, suka wayi gari ga dawakinsu na wasan folo a barga, ga lokaci ba abin yi. Wani tsohon kanar da ke zaune a Barnawa ya zo da abin da ya gano a ƙasar waje: tseren da ba na gudu ba, na juriya. Za a tashi daga wani fili a bayan Barnawa da sassafe, a bi hanyoyin gonaki har Rido, a zagayo a dawo kafin faɗuwar rana. A tsakiyar hanya da ƙarshenta likitan dabbobi zai saurari zuciyar doki, ya sa a yi sassarfa da shi. Dokin da zuciyarsa ba ta kwanta ba ko yake ɗingishi, an fitar da shi ko da shi ya fara isowa. Aka sa ranar a tsakiyar marka. Kanar ya ce duk mai doki yana iya shiga, tunda yanzu dimokuraɗiyya ake.

Saje ya same ni ina cin tuwo a ƙofar gida. Ya ce, "Malam, za ka hau min ita."

Na ce da rana tsaka? Gaban Alhazai da hafsoshi? Gara ya nemi wani.

Bai yi musu ba. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce, "To ba komai. Zan nemo wanda ya iya doki."

Tuwon nan ban ƙarasa shi ba. Kafin ya kai ƙofarsa na riga na faɗa masa sunan kakana da yawan dawakin da suka bi ta hannun ubana, na kuma rantse ni zan hau. Sai daga baya na gane ya san daidai inda zai taɓa ni.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka muka yi makonni muna shiri, kuma rabin shirin faɗa ne. Na kawo linzami irin namu mai kaifi, ya ce in mayar. Na kawo ƙaimi, ya rataye shi a reshen mangwaro, ya ce ya zauna nan ya kori tsuntsaye. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne ruwa. A gidanmu doki mai gumi ba a ba shi ruwa sai ya huce, haka na ga ana yi tun ina yaro. Saje ya ce duk rafin da muka tarar in bar ta ta sha son ranta. Na ce zai kashe dabbarsa. Ya ce ai tasa ce. Matarsa takan leƙo ta taga ta ce, "Ku biyu ko kishiyoyin kasuwa ba sa yin abin da kuke yi," ta miƙo mana dafaffiyar gyaɗa.

Ana gobe tsere ya zaunar da ni, ya zana hanyar a ƙasa da bakin sanda. Ya san dajin tun yana sintiri. Ya nuna wani wuri dab da Rido, ya ce akwai fadama.

"Za ka ga ciyawa kore shar, a shimfiɗe kamar tabarma. Nan ne. Ka sauka tun daga baki. Ka cire takalmi, ka shiga gaba, ka ji ƙasa da ƙafarka. Inda ka taka, nan za ta taka."

Na ce na ji.

Ya ce, "Ba ka ji ba tukuna. Ban ce ka zo na ɗaya ba, ban ce na goma ba. Ka dawo min da ita da ƙafafunta huɗu. Shi ke nan abin da nake roƙonka."

Na ce masa in Allah ya yarda. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Ranar Asabar ce, an kwana ana ruwa. Na sa farin kaftanina na Juma'a. Matata ta dube ni ta ce, "Tsere za ka ko ɗaurin aure?" Na ce mace ba ta san sha'anin doki ba. A filin na tarar da dawaki sun fi ashirin, na hafsoshi dogaye masu sheƙi, da na wasu 'yan kasuwa daga Tudun Wada. A cikinsu akwai wani Alhaji mai sayar da yadi, a kan wani akawal, baƙin ingarma da aka yi wa ado kamar amarya. Ya dubi goɗiyar, ya dube ni, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malam, niƙa aka aike ka?" Aka kwashe da dariya. Na ce, "Alhaji, dokin mai baki ya fi gudu. Mu haɗu a Rido." Bakina ya ba da amsa, amma maganar ta zauna min a ƙirji.

Da aka busa usur suka zabura da sukuwa, taɓo na tashi a bayansu. Na riƙe ta kamar yadda Saje ya ce, muna sassarfa, muna tafiya, muna sassarfa. Wannan safiyar ita ce abin da na fi kewa a duk zamana na Kaduna. Inda muka bi yau duk gidaje ne da shaguna, 'yan keke mai ƙafa uku na ta hon, amma a lokacin da ka bar ƙarshen Barnawa ka shiga gona. Masara ta fi ni tsawo ina kan sirdi, ganyenta na shafa min ruwa a gwiwa. Ƙasa ja ce, mai santsi, kofatonta na shiga yana fita da ƙara. Manoma na ɗaga fartanya su yi mana sannu, wani da Hausa, wani da Gbagyi, wani ya ce, "Oga, wel don!" Wata tsohuwa ta miƙo min gasasshiyar masara ban sauka ba, ta ƙi karɓar komai. Can nesa harshen wutar matatar mai yana ci a cikin hadari, shi ne alamarmu.

Duk rafin da muka tarar na bar ta ta sha, ina jin muryar ubana a kunne tana tsine min. Ba ta mutu ba. Kafin hantsi ya yi zafi muka fara cim ma waɗanda suka yi sukuwa. Ga wani manjo a tsaye, dokinsa na haki, kumfa har ƙirji. Ga wani takalmin ƙarfen dokinsa ya cire a laka, yana nema da hannu. Ina wucewa ina yi musu sannu da wata irin ladabi da ni kaina na san ta tsiya ce. Goɗiyar nan ba ta canza taku ba, kunnuwanta a gaba, kamar ta san inda za ta. Kafin rana ta kai tsaka na lissafa, waɗanda ke gabana ba su fi uku ba. Nan kaina ya fara kumbura.

Sai ga fadamar. Kamar yadda ya faɗa take, kore shar, lumui, ba ka ce akwai mugun abu a ƙarƙashi ba. Mata na cire ciyawa a gonakin shinkafa ta gefe, maza sun taru a kan tudu suna kallon masu dawaki. A bakin fadamar kuwa ga Alhaji a kan akawal ɗinsa, dokin na ja da baya, shi yana ta zagi. Na tsaya. Na riga na zare ƙafar dama daga likkafa, wallahi na zare. Sai ya juyo ya gan ni, ya ce, "Yauwa, sauka ka ja ta. Ai goɗiya ce, ba abin kunya."

Na mai da ƙafata cikin likkafa.

Taku bakwai muka yi. Na san adadin domin na sake ƙirga su a raina sau da yawa tun daga ranar. Na farko da na biyu ƙasa ta ɗauke mu. A na huɗu ta nutse har gwiwa, ta tsaya, na matsa ta da dunduniya. Ta yi min biyayya, abin da ya fi ci min rai ke nan. A na bakwai ƙasa ta buɗe, muka tafi har majayin sirdi, taɓo ya rufe min ƙafafu. Ƙafarta ta gaba ta hagu ta maƙale. Ta fizga sau ɗaya da dukkan ƙarfinta, na ji jikinta na rawa a tsakanin cinyoyina, numfashinta na fita da wani sauti da ban taɓa ji ba. Ba wanda ya yi dariya a kan tudu.

Na zame na sauka. Taɓo ya kai min cinya, takalmana suka tafi, ban ko neme su ba. Na tura hannu har kafaɗa na kama ƙafar, ina lallashinta da duk sunan da ya zo bakina, har ta fito. Sannan na shiga gaba da ragama a hannu, ina laluben ƙasa da tafin ƙafa. Ashe akwai tsohuwar kunyar gona mai tauri a ƙarƙashin ruwan, faɗinta bai fi taku ɗaya ba, tana karkacewa. Da ido ba za ka gan ta ba. Na bi ta a hankali, ƙaya da tushen ciyawa na yanka ni, ita kuma tana biye, hancinta a bayana, inda na ɗaga ƙafa nan take sa tata. Da muka hau tudu matan nan suka rangaɗa guɗa. Na waiwaya, Alhaji ya juya akalar dokinsa ya nufi gida.

Wurin binciken likita yana bayan wasu itatuwan mangwaro, ba a hango fadamar daga can. Ban sake hawa ba, na ja ta a ƙasa har wurin, ba takalmi, farin kaftani ya koma kalar tukunya. Saje ya riga ya iso a bayan wata a-kori-kura da bokiti da soso. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsaya yana kallon cikinta, sannan ya fara wanke ta da kansa. Ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwarsa mai lafiya, ya bi ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. Ya daɗe a kan ta hagu.

Likita ya sa abin sauraronsa, ya ce zuciyarta ta kwanta. Aka yi sassarfa da ita, ba ɗingishi. Ya ce mu wuce.

Saje ya ce, "Ka sauka?"

Na ce, "Ba ka ga ƙafafuna ba?"

Ya dube su, jini na tsattsafowa ta cikin laka. Ya ce, "Na gani." Ya zauna a bakin motar ya kwance tsofaffin takalmansa na aiki, ya miƙo min. "Sa. Sauran hanyar ku bi a hankali." Shi ya koma gida ba takalmi.

Mun iso Barnawa bayan la'asar, cikin 'yan ƙalilan da suka ƙarasa kuma likita ya amince da su. Kanar ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce wa hafsoshinsa ga mahayi, mutumin da ya sauka ya shiga taɓo don dabbarsa. Aka ba mu bokiti sabo da buhun dusa. Na sha yabo har na ƙoshi, ban gyara wa kowa labarin ba. Har a masaƙa sai da aka yi mako ana kirana in maimaita, ni kuwa kullum daga saukata nake farawa.

Washegari ƙafar hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa kofato. Ta tsaya a turke tana ɗaga ta, ba ta son ta taɓa ƙasa. Saje ya yi ta jinya da ruwan sanyi da laka, safe da yamma, wata da watanni. Ni nake ɗebo ruwan, ba wanda ya sa ni. Kumburin ya sauka, ta koma tafiya, amma in ta yi sassarfa kaɗan sai ɗingishin ya dawo. Ba ta sake doguwar tafiya ba. In mutane suka tambaye shi abin da ya same ta, sai ya ce, "Tsufa ne." Duk lokacin da na ji haka sai in rasa inda zan sa idona. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa, sai in ce bari sai gobe.

Shekarar da ta biyo baya garin ya rikice da faɗan addini. Ba zan shiga wannan ba, wanda ya zauna a Kaduna ya sani. Bayan ƙura ta lafa mutane suka riƙa kwashe kaya, kowa na neman inda nasa suka fi yawa. Matata ta kasa barci a Makera, muka sami ɗaki biyu a Unguwar Mu'azu, hayin kogi. Ranar tashinmu Saje ne ya ɗaure kayan a mota, don ya ce ɗaurin ɗan masaƙa ba ya kai gadar kogi. Matarsa da tawa suna kuka a tsakar gida.

Na zagaya baya in yi sallama da goɗiyar. Ƙaimina na nan a reshen mangwaro, ya yi tsatsa. Ta sa hanci a aljihuna tana neman gyaɗa. Na ji takun sandarsa a bayana, ban juya ba, na ce, "Baba Saje, ranar nan ban sauka daga baki ba. A kanta na shiga. Taku bakwai. Ni na lalata mata ƙafa."

Ya ce, "Na sani."

Na juyo.

"Taɓo ya rufe cikinta duka," in ji shi, "sai wuri biyu, dama da hagu, daidai siffar ƙafarka. Shi ya sa na wanke ta da kaina kafin wani ya lura."

Na ce to don me bai yi magana ba, shekara guda ina ɗebo ruwa kamar ɓarawo? Har a nan ma sai da na ɗaga murya, halina ke nan.

Ya jingina da turken, ya buga gwiwarsa ta dama da sanda. "Ka san inda na samo wannan? A fadamar nan. Ina sabon kofur, oga na kallo, yara na kallo. Aka ce in sauka, na ce ɗan sanda ba ya sauka. Ni ban tsaya a bakwai ba. Dokin ya faɗi a kaina, ƙafarsa ta karye. A nan cikin taɓon aka harbe shi, ina kwance ina gani." Ya shafa wuyan goɗiyar. "Kai ka sauka, Malam. Ga ta nan tana cin gyaɗarka."

Direba ya yi hon. Na ce zan shiga in ɗauko masa takalmansa, suna cikin kayan da aka ɗaure. Ya ce in bar su, kwance wannan ɗaurin sai an sauke komai, in kawo masa in na zo gaishe su.

Kogin nan ba wani faɗi gare shi ba, mota na tsallaka shi kafin ka gama gyara zama. Amma na yi ta cewa sai gobe zan kai masa, har aka aiko min goɗiyar ta mutu, bayan shekara biyu kuma aka aiko min cewa shi ma ya bi ta. Takalman na nan ƙarƙashin gadona, da sauran jar laka a dunduniyarsu.